Muryar da Aka Ɗora wa Malam Ya'u

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan la'asar

Yau muka dawo da Baba gida. Umma ta ce a sa masa gado a falon ƙasa, bene ya fi ƙarfinsa yanzu. Ni da Garba maigadi muka sauko da gadon, muka juya shi ya fuskanci tagar da ke kallon bishiyar mangwaro.

Kalmar da likita ya faɗa ba zan rubuta ta a nan ba. Hannun dama yana zama duk inda aka ajiye shi. Idanu lafiya lau, suna bin mutum har bakin ƙofa, kuma har yanzu sun iya harara. Baki ne dai.

Malam Ya'u fa, wanda duk Kano da baki ta san shi. Tun ina goye ake jin muryarsa a wasan kwaikwayon rediyo, aka zo talabijin, aka zo fim, yana nan. A gidan nan ba mu taɓa cin abinci shiru ba, ko tuwo ne sai ya samo abin da zai ce a kansa. Yau har ƙarar cokalin ƙanwata Afrah nake ji.

Umma ta hana a sanar da kowa. "Babanku ba ya son tausayi. Duk wanda ya tambaya ku ce yana hutawa."

Asabar, 17 ga Mayu, da safe

Bai yi magana ba.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan azahar

Habibu darakta ya zo. A hannun Baba ya koyi aiki, shi ya sa Umma ta bar shi ya shiga. Ya durƙusa ya gaida shi, ya fito baranda yana goge ido da hula. Na ba shi ruwa, na jira, don na san ba dubiya kaɗai ta kawo shi ba.

Maganar sabon fim ce, wanda Baba ya fito a matsayin tsohon tela. A wani shagon ɗinki na gaske a Gama suka ɗauka, ga janaretan maƙwabta, ga 'yan adaidaita, sautin bai yi ba ko kaɗan. Dama haka ake yi, bayan an gama ɗauka kowane ɗan wasa ya shiga situdiyo ya kalli kansa a allo ya maimaita maganarsa, a ɗora a kan hoton. Kowa ya ɗora tasa. Baba ranar Laraba aka sa masa. Abin ya faru ranar Talata.

"Yaya Lawan, wallahi kunya nake ji," in ji Habibu. "Amma sinima sun ba mu Sallah. In muka rasa ta, aikin mutane da yawa ya bi ruwa. Akwai wani yaro da yake kwaikwayon Baba a waya, na ce ko…"

Na san yaron. Na sha ganinsa yana maƙe murya kamar wanda ƙayar kifi ta tsaya wa, mutane suna ta dariya. Na ce wa Habibu in dai ina raye wannan ba zai shiga bakin ubana ba.

Afrah tana tsaye da tire, ba wanda ya tambaye ta, ta ce, "Ai Yaya ya fi shi iyawa."

Na harare ta. Amma magana ta riga ta fita.

Litinin, 19 ga Mayu, a ofis, kafin azahar

Gaskiya ta faɗa. Tun ina firamare nake yin muryar Baba. Na sha sa direba ya fito da mota ba wanda zai fita, na sha sa Afrah ta saki kuka da tsawar da ba Baba ya yi ba. A jami'a na shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo, na gayyace shi ya zo ya gani. Ya zauna har aka tashi. A mota, muna daf da shiga layinmu, ya ce, "Kwaikwayon mutane ka iya, Lawan. Wasa daban ne. Ka riƙe karatunka."

Na riƙe. Ga ni nan ina buga wa takardu hatimi.

Abin da ya hana ni sakat shi ne maganar da yake yi duk lokacin da aka yi hira da shi. Ya tsani a ɗora wa ɗan wasa muryar wani. Yakan ce, "Ni dai ko mutuwa na yi, kada wanda ya sa magana a bakina." Mutane su yi dariya, shi kuwa ba wasa yake ba.

Bai mutu ba. Yana kwance a falo yana kallon mangwaro. Ban san ko wannan ya sauƙaƙa abin ba ko ya ƙara masa nauyi.

Talata, 20 ga Mayu, bayan magariba

Na tambayi Umma. Ta daɗe tana ninke zani ɗaya, sannan ta ce, "In dole sai an yi, gara jininsa." Na kira Habibu.

Alhamis, 22 ga Mayu, da yamma

Situdiyon yana Hotoro, ɗaki ne ƙarami da aka manne wa bango soso. Mai kula da sauti sunansa Calvin, ɗan Zariya, mutum mai haƙurin gaske. Ya sa mini abin ji a kunne, ya kunna, sai ga Baba ya cika allo, da tef a wuya, yana ɗaga wa wani almakashi. Hannun dama ne. Na ce Calvin ya tsayar, na fita na sha iska.

Da na dawo ya ce, "Malam Lawan, ka daina kallon idonsa, ba za ka iya ba. Leɓe za ka kalla."

Wata wahalar kuma, Baba ba ya bin abin da aka rubuta masa. Takarda ta ce kaza, bakinsa yana faɗin wani abu daban. Sai mu yi ta maimaita wuri ɗaya, Calvin yana tono ɗan abin da ya rage a ƙarƙashin ƙarar janareta, ni ina zuba wa leɓe ido har in gane. Ban taɓa kallon fuskar ubana haka ba. Ashe kafin ya yi zolaya sai ya ɗan tura leɓen ƙasa. Ashe idan maganar ta gaske ce da kyar yake buɗe baki.

Asabar, 24 ga Mayu, da hantsi

Bai yi magana ba. Ya ci kunu da hannun hagu, ya ɓata riga, ya ture hannuna da na zo gogewa.

Talata, 27 ga Mayu, bayan magariba

Na yi abin da ba zan yafe wa kaina da wuri ba.

Yini na yi a situdiyo. Idan ka daɗe cikin muryar wani ba ta sakinka nan take, tana zama a maƙogwaro. Na shigo ta ƙofar baya a gajiye, na yi sallama, na ƙara da abin da Baba yake cewa duk ya dawo, "Mutanen gidan nan, da rai ko an gudu?" Wallahi ban yi niyya ba. Haka ta fito, da tasa muryar.

Na ji faɗuwar murfin tukunya. Umma ta wuce ni da gudu, ko ganina ba ta yi ba, ta nufi falo tana cewa, "Malam? Malam?" Na bi ta. Yana barci, baki a karkace. Ta tsaya a kansa tana haki, ta juyo ta gan ni, ta gane.

Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Cewa ta yi, "Ka riƙa barin ta a can, Lawan. Kada ka ƙara shigo mini da ita gida." Ta koma kicin ta ɗauki murfinta.

Laraba, 28 ga Mayu, da safe

Ban yi wa kowa magana ba yau, ina tsoron abin da zai fito.

Juma'a, 30 ga Mayu, bayan an sauko daga masallaci

Mun gama. Wuri ɗaya ne ya tsaya mana, kusa da ƙarshe. Ɗan telan ya yi fushi zai bar gari, ya ajiye wata babbar riga da ya ɗinka a kan keken ɗinki. Uban ya ɗaga rigar yana duba ta, ya juya wa kyamara baya, ana ganin kansa yana motsi, yana faɗin wani abu. Babu leɓe. Takarda ba ta ce komai ba a wurin, janareta kuma ya cinye sautin gaba ɗaya. Habibu ya dafe kai ya ce ya manta abin da Baba ya ce ranar.

"Yaya, cike mana gurbin kawai. Duk abin da ya zo maka."

Calvin ya kunna. Na kalli ƙeyar Baba, na ji bakina yana cewa, "Na ga ɗinkin. Ya yi kyau. Ban dai faɗa maka ba ne."

Na ce a goge, a sake. Calvin ya ce, "Ni dai ba zan taɓa wannan ba." Habibu ya juya yana neman abin da bai ɓata ba a aljihu.

Duk sauran maganganun Baba ne, aronsu na yi na mayar masa. Wannan kuwa tawa ce, kuma na san daga inda na ɗauko ta.

Juma'a, 6 ga Yuni, ranar Sallah, da azahar

Ni na riƙe ragon. Mun tura kujerar Baba bakin taga ya gani. Umma ta sa masa farar shadda da hular da yake so. 'Yan gaisuwa a baranda muka tsayar da su, yana hutawa, yana hutawa. Na faɗa har kalmar ta daina yi mini ma'ana.

Asabar, 7 ga Yuni, bayan magariba

Baba yana da al'ada. Duk fim ɗinsa da ya fito, sai ya je sinima ya zauna a layin baya, ya fita kafin a kunna fitila, ya laɓe kusa da mai sayar da gugguru yana sauraron masu fitowa. Cewa yake a nan ake jin gaskiya, kafin mutum ya isa gida ya gyara ta. Yau na je na tsaya masa.

Mutanen Kano ba sa barin ko-ta-kwana. Wani saurayi ya ce fim ɗin ya yi tsawo, da an yanke waƙar tsakiya ba wanda zai yi kewarta. 'Yan mata uku suka tsaya gardama a kan jarumar, ɗaya ta ce ta iya kuka, ɗaya ta ce, "Wane kuka? Uwarta ta mutu amma jagirarta ko motsi ba ta yi ba." Wani magidanci da 'ya'yansa ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, yaron tela ne talaka, amma kowace fitowa da sabuwar hula. Na yi dariya ni kaɗai, na juya in ga ko Baba ya ji.

Akwai wani mai makirufo yana tare mutane yana ɗauka don intanet. Da ya zo kan maganar Baba sai na matsa kusa.

"Tsohon nan ai ba a magana, shi ya riƙe fim ɗin."

"Ni dai na ji kamar muryarsa ta yi laushi. Tsufa ne. Ya kamata ya huta haka nan, a ba yara wuri."

"Wasan ya yi, amma ba ya tsawa kamar da. Ko mura yake?"

Sai wata dattijuwa, jikarta na riƙe da hannunta. Ta ce, "Ɗan nan, tun ina amarya nake jin Malam Ya'u a rediyo. Ya sha ba ni dariya, bai taɓa sa ni kuka ba sai yau. Wurin rigar nan. Ya yi kyau, ban dai faɗa maka ba ne. Duk aikin da ya yi a rayuwarsa bai kai wannan ba."

Mutanen da ke gefe suka gyaɗa kai. Na je mota na zauna, na kasa tayar da ita. Na ji daɗi, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Kuma jin daɗin ne ya fi komai ba ni kunya.

Lahadi, 8 ga Yuni, bayan la'asar

Rabin al'adar na biyu a gida ake yi. Afrah takan zauna a ƙasa da waya ta karanto masa abin da mutane suka rubuta, shi yana mayar musu da martani, mu muna dariya. Yabo ba ya burge shi. "Wuce wannan, karanto min masu zagin."

Yau ya nuna wayarta da hannun hagu. Ta yi kamar ba ta gani ba. Ya buga gefen gado. Baba ba yaro ba ne, ya san Sallah aka sa, ya ga Habibu ya zo, ya kuma san ranar Larabar nan bai je ko'ina ba.

Ta fara karantawa, tana tsallake duk inda aka ambaci murya. Ta karanto na jagira, na sabuwar hula, na wani da ya ce jinin da aka zuba a wurin haɗari miyar tumatir ce. Gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga. Sai hannunta ya zarce, ta karanta kafin ta lura: "Maganar da Malam Ya'u ya yi a kan rigar nan ta sa na kira babana a waya."

Ta kife wayar a cinya. Ya kalle ta, ya kalli Umma, ya dawo kaina ya tsaya. Na ce zan je in duba ko Garba ya rufe get.

Litinin, 9 ga Yuni, da safe

Bai yi magana ba. Ni ma haka.

Talata, 10 ga Yuni, bayan azahar

Umma ta tare ni a matakala. "Gudun ya isa. Ka kawo masa ya gani da idonsa. Haƙƙinsa ne."

Habibu ya aiko da fim ɗin. Muka ɗaga masa filo, Afrah ta kunna, ni na zauna a bayan gadon inda ba zai gan ni ba. Tela ya buɗe baki, gaisuwa kawai ya yi wa mai kawo ɗinki, na ga kafaɗar Baba ta motsa. Calvin da duk kayan aikinsa ya ce ba a iya bambancewa. Baba bai buƙaci jimla ta biyu ba.

Na zata zai sa a kashe. Bai sa ba. Ya kalla har ƙarshe, kamar yadda ya kalli wasana na jami'a. Da aka zo wurin rigar ya rufe ido, bai buɗe ba sai da sunaye suka fara hawa. Sunana ba ya ciki, ni na roƙa a cire.

Na zagayo na durƙusa. Na ce, "Baba, ni ne. Da wani za su kawo. Na san abin da ka ce. Ka yafe mini."

Ya juya fuskarsa wajen taga.

Laraba, 11 ga Yuni, da yamma

Ya karɓi magani a hannun Afrah. A nawa ya ƙi.

Alhamis, 12 ga Yuni, ranar hutu

Abokan aikina suna ta maganar fim ɗin a zaurenmu na waya. Ɗaya ya ce in gaida tsoho, in ce masa ya gama da su. Wata ta ce ita jarumar ce ta ɓata mata rai, amma saboda wurin rigar za ta sake zuwa. Har an yanko wurin ana yawo da shi a waya, an sa masa kiɗan tausayi. Duk inda na juya ina jin kaina ina faɗa wa kaina abin da ba a taɓa faɗa mini ba.

Ban damu da fushinsa ba, na saba da shi. Tsorona shi ne ya tafi a haka, fuskarsa na kallon taga.

Juma'a, 13 ga Yuni, bayan magariba

An yi ruwa mai ƙarfi, reshen mangwaro ya karye. Bai kalle ni ba.

Lahadi, 15 ga Yuni, da hantsi

Wanzaminsa bai san halin da ake ciki ba, don haka gemun ya taru. Umma ta miƙo mini reza da ruwan ɗumi ta ce, "Je ka. In ya ture ka, ka dawo gobe."

Bai ture ni ba, bai kuma kalle ni ba. Na shafa sabulu, na fara daga ɓangaren da ba ya ji, na dawo ɗayan. Ina goge masa haɓa da tawul sai ya kama wuyan hannuna da hagunsa. Har yanzu da ƙarfinsa. Na ɗauka yanka shi na yi, na fara ba da haƙuri. Ya girgiza hannun, wato in yi shiru.

Sai ya fara ƙoƙari. Jijiyar wuyansa ta tashi, iska tana fita, sauti babu. Ya tsaya ya huta, ya sake. Ni kuma, ba tare da na yi tunani ba, na yi abin da Calvin ya koya mini. Na bar idon, na kalli leɓe.

Rabi ne kawai yake motsi, kuma da kyar yake buɗe shi. Bai tura leɓen ƙasa ba. Na yi kwanaki ina karanta bakin nan a allo, ba wanda ya kai ni saninsa a duniya yanzu. Ya maimaita har sai da ya tabbatar na gani.

Ya yi kyau.

Ya so ya ci gaba, sauran ta fi ƙarfinsa. Ya saki hannuna ya kwantar da kai, gumi ya jiƙa masa goshi.

Afrah tana bakin ƙofa da kofin shayi. Ta ce, "Yaya, me ya ce? Ka gane? Faɗa mana mana."

Muryar tana nan a maƙogwarona, da na buɗe baki za ta fito daidai yadda zai faɗa. Na girgiza mata kai, na ɗauki tawul na ƙarasa goge masa sabulun. Wannan tasa ce, ban ɗora mata murya ba.